Tsaga Biyu a Gida Ɗaya

An haifi ƴata ta fari ranar wata Laraba bayan girbi, a shekarun da Turawa suke yaƙinsu na biyu, lokacin da zane ya yi wuya har mata suka koma wa saƙar gida. Ina da shekara ashirin ko ashirin da ɗaya. Ba wanda ya rubuta ranar da aka haife ni, don haka ba zan rantse ba. Ina kwafar takardu a gidan kumandan, Baturen mulki, a Madawa, aikin da ƴan shekarun da na yi a lakwal, makarantar boko, suka samar mini. Gidanmu kuma yana wani ƙauye kusa da Sabon Gida. Wani mai jaki da ya kawo albasa kasuwa ne ya gaya mini. Na nemi izinin mako guda, aka ba ni, na isa gida ranar Alhamis da hantsi.

Ban tambayi jaririyar ba, ban kuma leƙa ɗakin da take ba. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba sa kiran sunansa, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa zama su yi hira da shi ko da ya girma. Na kakanni ne. Saboda haka na gai da babana a zaure, ya ce, "An samu ƙaruwa." Na ce, "To," kamar an gaya mini akuyar maƙwabta ta haihu, na koma gefe na zauna.

Muna nan sai ga wanzami. Wanzaminmu na da, wanda ya yi mini tsaga kuma ya yi mini kaciya, ya rasu da damina. Wannan ɗan ƴar'uwarsa ne, ya taso can wajen Keita, ya gaji zabirar kawunsa da gidajen da kawun yake yi wa aiki. Dogo ne mai yawan magana, ba ya kallon mutum a ido sai a kunci. Ya zo ne ya duba bakin jaririyar, ya kuma ji abin da ake so ya yi ranar suna.

Da ya fito daga cikin gida ya tsuguna gaban babana ya ce, "Maigida, wace tsaga za a yi ma wagga ɗiya?"

Babana ya nuna fuskarsa da yatsa. "Makaho kake? Ga ta nan. Shidda da bakwai."

Fuskar babana irin ta Gobirawa ce: layuka dogaye daga gefen baki zuwa kusa da kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Su ne a fuskata ni ma. Yana alfahari da su ƙwarai. Duk Bazabarmen da ya hange shi a kasuwar Madawa sai ya tsaya ya tsokane shi da wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa, shi kuma ya rama har da ƙari. Tun muna yara yake ba mu labarin yadda kakanninmu suka taso daga Gobir bisa dawakai. Sunan garin da suka taso ne ban taɓa ji ba. Na lura da haka tun ina lakwal, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Wanzami ya ce, "Na gani, Allah shi ba ka haƙuri. Amma ranar auren yaron ga, da na rako kawuna, na ga wata tsohuwa, anka ce goggonka ta, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaihinka. Ukku-ukku gare ta a gehen ido, gajeru, ba komi a kunci. Irin wagga a duwatsun Buza aka yin ta. Tsaga kuwa uba taka bi. In ita ukku gare ta, ɗan'uwanta ma ukku gare shi. To kai ina kas samo sha ukku?"

"Kai! An kira ka ka yi aski, ko ka yi shari'a?"

"Aski, maigida. Amma gashi in na aske shina sake hitowa. Wagga in na yi, na yi."

"To yi abin da idonka ya gani."

Wanzami ya ce to, ya naɗe zabirarsa ya tafi. Babana ya ci gaba da tufkar igiyar da ke hannunsa, sai dai na ga ya warware abin da ya tufka sau biyu.

Ni kuwa maganar ta zauna mini. Na juya ta ta ko'ina ban samu inda ta karye ba. Babana bai san mahaifinsa ba, yana rarrafe mahaifin ya rasu. Uwarsa ta sake aure a ƙauyen nan, a nan ya girma a hannun mijinta, ita ma ta rasu ina ɗan shekara goma. Wato a gidanmu ba mai rai ko ɗaya da ya taɓa ganin fuskar kakana. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya gan ta, tsohuwar nan, tana wani ƙauye bisa dutse bayan Babankatami. Kuma kwana shida ya rage a sa wa yarinyar aska. Abin da aka yi mata a safiyar nan da shi za ta shiga gidan miji, da shi za a sa ta a kabari, duk wanda ya gan ta a hanya kuma da shi zai karanta ko ƴar su wa ce.

Ba ni da bakin magana a kan ƴar fari. Amma dole wani ya kai goron suna ga dangi na nesa, sabon uba kuma an fi son ya ɓace daga gida a irin waɗannan kwanaki. Na ce ni zan kai wa tsohuwar, wadda muke ce wa kaka. Babana ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "Ɗauki jakin ƙanenka, nawa shina ɗingishi."

Na tashi Juma'a da sassafe. Kwana biyu ne a jaki, da farko cikin fadama da gonakin dawa da aka gama yanka, daga baya ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara yawa har jakin ya riƙa zaɓen inda zai sa ƙafa. Abin da na fi tunawa da tafiyar shi ne na koma kamar wanzamin: ba na ganin mutum sai kuncinsa. Shekara ashirin ina cikin fuskoki ban taɓa ƙirga su ba. Ga mai bille ɗaya da ya gangaro daga karan hanci, ga mai ƴan gajeru a bakin leɓe, ga Buzaye da ba a ganin komai saboda rawani. A bakin wata rijiya kusa da Babankatami na ga mutum na farko mai uku a gefen ido. Na tsaya ina kallonsa har ya ce, "Samari, ka san ni ne, ko kuwa ruwa kaka so?" Na ce ruwa. Daga nan zuwa ƙauyen na ƙirga goma sha ɗaya.

Na same ta ranar Asabar bayan azahar, a inuwar rumbu, tana kaɗi. Ƙarama ce ainun, idonta ya yi hazo. Na yi sallama na tsuguna, ta ajiye mazari ta kama fuskata da hannu biyu, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Af! Mijina na Madawa na. Ina zanen da kac ce za ka kawo min?"

"Kaka, zane ya tahi yaƙi."

"Haka ragwaye ka cewa. Na sake ka tun bara, ba ka ji ba? Mi ya kawo ka?"

Na ba ta goro, na ce an samu ƙaruwa a gida, mace, suna Laraba. Ta yi guɗa da ɗan muryar da ta rage mata, ta sa jikokinta suka kawo mini fura. Sai da na sha, yaran suka watse, na ce mata akwai abin da nake son tambaya. Na gaya mata abin da wanzami ya ce, kalma da kalma.

Ta ɗauki mazarin ta murza, zaren ya tsinke, ta ƙulla.

"Wanzamin ga shina da ido," ta ce. "Ubanka na ya aiko ka?"

"A'a."

"Na sani. Zauna da kyau."

Ga abin da ta faɗa mini, na jera shi yadda ya faru, don ita ta fara ne daga tsakiya ta koma baya ta sake dawowa. Kafin zuwan Turawa an yi wata shekara da ruwa ya ƙi. Mutanen dutsen suka watse neman abinci. Yayanta, wato kakana, ya kasa tafiya, domin ubansu ya tsufa ba ya iya taka ƙasa, kuma gidansu ne ke riƙe da wuƙar yankan da ake yi a gindin dutse don roƙon ruwa. Ba a barin wurin ba kowa. Sai ya haɗa matarsa, da ciki wata bakwai, da ƙanwarsa, yarinya da ba ta isa aure ba, ya sa su cikin ayarin da zai yi kudu. Suka yi ta tafiya har wani garin Gobirawa. A can wani marini ya gan su a gindin tsamiya, ya kai su gidansa. A ɗakin matarsa aka haifi babana.

Kwana bakwai ya cika ba uba, ba labarinsa. Marinin ya yanka bunsurunsa, a shekarar da mutane ke cin ganye, ya kira liman, ya kira wanzamin gidansa.

"Da na ga wanzami ya hiddo aska," in ji ta, "na tsaya gabanshi na ce tamu ukku ta, ga ta nan a huskata. Marinin ya ce, ɗiyata, garin ga ba wanda ya san ukku. Yaro ba uba, da tsagar da ba a sani ba, kuna hita gari wani ya ɗauke shi ya sayar, ba mai tambaya. In shidda da bakwai gare shi, duk inda anka gan shi an san shina da mutane. Hannunshi baƙi ƙirin da shuni, da shi ya riƙe kan yaron. Ni dai kuka na yi, ban san na mi ba."

"Uwarshi fa? Ba ta ce komi ba?"

"Ta ce mi? Ɗan fari na. Tana cikin ɗaki ta juya baya."

Bayan wata huɗu kakana ya iso, ubansu ya riga ya rasu. Aka miƙo masa yaron. Ta ce ya daɗe yana duban fuskar, sa'an nan ya ce, "An riƙe shi da kyau," ya tashi ya je ya durƙusa ya gai da marinin. Da tari ya zo, kuma tarin bai bar shi ya sake ganin dutsen ba. A hanyar komawa ya rasu, a ƙauyenmu na yanzu. Matarsa ta zauna nan ta yi aure. Ita kaka kuma dangi suka zo suka maida ta gida.

Na ce, "To kaka, shekara kusan hamsin, ba wanda ya gaya mishi?"

"Wa za ya gaya mishi? Uwarshi ko sunanshi ba ta hwaɗi ba har ta mutu, balle ta zaunar da shi ta ba shi labari. Labari kakanni ka ba da shi, nashi kuwa duk sun tahi. Mutane sunka dubi huskarshi sunka ce Bagobiri, shi ma ya dubi ruwa ya ce Bagobiri. Dawakan kuwa ban san inda ya samo su ba. Mu ko jaki ba mu da shi a tahiyar."

"Ke fa?"

"Ni sau huɗu na gan shi tun da ya yi gemu, kullum cikin taro, kullum shina bisa dawakan nan. In tashi cikin mutane in sauko da shi? Kuma bai taɓa tambaya ba. Kai na na farko, kai ma wanzami ya tura ka."

Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Na daɗe ina tunanin maganarta daga baya. Babu wanda ya ɓoye wa babana komai, babu kuma wanda ya yi masa ƙarya. Kowa ya yi abin da ya dace da matsayinsa: uwa ta yi kunya, goggo ta rufa asiri, mutanen gari suka karanta abin da aka rubuta a fuska. Haka kawai labarin ya bi ta tsakaninsu ya faɗi.

Da rana ta yi sanyi ta sa na riƙe mata hannu muka hau bayan ƙauyen. Tafiyar da yaro zai yi a ɗan lokaci mun yi ta da hutu uku. A sama akwai kufai: da'irorin duwatsu inda rumbuna suka taɓa zama, da wani dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya har ruwan sama yana kwanciya a ciki. Ta taka wani wuri da sandarta ta ce nan ɗakin ubanta. Na fito da littafin rubutuna da alƙalami na ce ta jero mini sunayen kakanni.

Ta ja da baya. "A'a. Duk wanda kunka rubuta a gidan kumandan, sai an zo an tahi da shi aikin hanya."

"Matattu kawai zan rubuta, kaka."

Ta yi tunani. "To. Su kam in ya iya, shi zo shi ɗauka."

Ta jero maza bakwai, daga kakana zuwa wanda ya fara haƙa rijiya a gindin dutsen, kowanne da abin da aka san shi da shi. Ɗaya maharbi ne da ya rasa kunne. Ɗaya bai taɓa cin wake ba, ba a san dalili ba. Na sa ta maimaita sau biyu, ba ta sauya ko ɗaya ba, sai dai na huɗu da na biyar ta ce ba ta da tabbacin wa ya haifi wa. Haka na rubuta, da alamar shakka a gefe. Littafin yana nan a wurina, alamar ma tana nan.

Muna saukowa na ce mata ban san yadda zan gaya wa babana ba. Ɗa ba ya zama gaban ubansa ya ce masa, baba, kai ba wanda kake zato ba ne. Balle a kan maganar ƴar fari.

"Wa ya ce kai za ka gaya mishi? Jakinka shina ɗaukar tsohuwa?"

Jikokinta suka yi ta hana ta, ta ce su yi mata shiru, ta taka har Gobir da ƙafa tun uwayensu ba su zo duniya ba. Muka tashi Lahadi, ita bisa jaki, ni a ƙasa ina ja. Kwana uku muka yi, domin duk inda ta ga inuwa mai kyau sai ta sauka, duk tsohuwar da muka gamu da ita kuma sai sun binciko dangantaka. Mun shiga ƙauyenmu Talata, ana shirin la'asar.

Babana yana zaure. Da ya ga wadda ke bisa jakin ya miƙe da sauri, ya sauko da ita da kansa, ya shimfiɗa mata buzunsa, ya tsuguna ya gaishe ta. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ɗaure jakin na tsaya a bakin ƙofa, inda zan ji ba tare da an ce ina wurin ba.

Ba ta yi wani kewaye ba. Ta sha ruwa, ta ce, "Ɗana, zo kusa, muryata ba ta kai nesa." Ta ba shi labarin kamar yadda ta ba ni, har da baƙin hannun marinin. Dawakai ne kawai ba ta ambata ba, kuma na gode mata a raina.

Da ta gama, babana ya ce a hankali, "Azna ke nan."

"Azna."

"Masu yanka a gindin dutse."

"Kakanka shi ad da wuƙar. Ruwa kuwa wani lokaci shina zuwa."

"Goggo! Ni da nike kiran salla a garin ga?"

"Wa ya hana ka? Ni ma ina yi, ranar da gwiwa ta yarda. Dutsen duka yanzu salla suka yi. Ba ce maka na yi ka koma ba, ce maka na yi daga can ka hito."

Ya sa tafin hannu ya shafa kuncinsa na dama, ya shafa na hagu. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya ce tsufa ya rikita ta. Sai na ji ya ce, "Mi as sunanshi?"

"Wa?"

"Marinin."

Ta ce su dai Baba suke ce masa. Ya tambayi sunan garin. Ta ce akwai tsamiya babba a bakin marina, da rijiya mai baki biyu. Sunan kuwa ta faɗi ɗaya, ta ce a'a, ta faɗi wani, ta ce shi ma ba ta rantsewa. Yarinya ce a lokacin, yunwa take ji, ba ta tambaya ba.

Na ji kunya a inda nake tsaye. Kwana huɗu ina tare da ita da littafi da alƙalami, na rubuta mutum bakwai har da wanda ba ya cin wake, amma bai taɓa faɗo mini in tambayi sunan mutumin da tsagarsa ke fuskata ba. Babana da bai taɓa riƙe alƙalami ba, ita ce tambayarsa ta farko.

Sa'an nan ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, ya fita. Na ji kiransa daga masallaci kamar kullum, ba rawar murya. Ranar bai sake ta da maganar ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa.

Safiyar Laraba na yi abin da sabon uba yake yi, na bar gidan. Amma ban yi nisa ba. Gidan abokina danga ɗaya ce tsakaninsa da namu, na shiga na zauna a gindinta bisa turmi, shi kuma yana ta yi mini dariya yana cewa in zo ya ɓoye ni a rumbu. Na ji an raba goro, na ji liman ya yi addu'a an shafa, na ji maroƙi ya ɗaga sunan, na ji an ja rago. Sai maza suka ragu, aka fito da jaririyar tsakar gida. Ta wani ɗan rami a dangar na hango kaka zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafa, an ɗora mata ita a cinya. Fuskar yarinyar ban gani ba, ban kuma nemi gani ba.

Wanzami ya gama aski, ya wanke askar, ya zaɓo wata ƙarama. Sa'an nan ya ɗaga murya, da gangan, yadda har maƙwabta za su ji.

"Maigida, na sake tambaya, don kada gobe a ce wanzami ya yi gaban kanshi. Wace za a yi?"

Har matan da ke daka suka tsaya. Babana yana tsaye a bakin zaure da hannu a baya.

"Yi mata ta goggo," ya ce. "Ukku."

Kaka ta gyara riƙon kan yarinyar.

"Amma ka ji da kyau," babana ya ci gaba. "Ɗiya mata, ukku za a yi musu. In anka samu namiji a gidan ga, shidda da bakwai za ka yi mishi. Mutumin nan ba mu riƙe sunanshi ba, ba mu riƙe garinshi ba. Wagga kaɗai ta rage muna tashi, ba ni yada ta."

"Gida guda tsaga biyu?" in ji wanzami. "Maigida, za a ce ban san aikina ba."

"Duk wanda ya ce, turo min shi in ba shi labari."

Kaka ta ce, "Kai dai yi da sauri, mai dogon baki, cinyata ta gaji."

Ya yi bisimilla ya sunkuya. Yarinyar ta tsala ihu. Na taɓa jin ana yi wa ƙannena tsagar Gobir, na san tsawon kukan da take ɗauka. Wannan kafin in gyara zama an gama, ana shafa baƙin tukunya, mata sun ɗauki guɗa.

Kaka ba ta koma dutse ba sai da tsagar ta warke, kusan mako uku. Ranar da za ta tafi na dawo daga Madawa don in raka ta. Ta sa aka kawo mata yarinyar, aka kuma kira mata wanzamin. Ta bi gefen idon dama da yatsa, ta bi na hagu, ta koma na dama.

"Ta tsakiyar ga ta ɗan karkace," ta ce.

"Haba iya! Ke da ba ki gani?"

"Shekara sittin ina taɓa tawa, yaro. Ta karkace. Amma bar ta, tamu ta."